Dodon da ke koya wa yaro tsira: yadda ake shirya abin tsoro a wasan dare

Muna gaida na Garwa da kewaye, da na Pitowa da Gashiga da Gidar da Figil, da waɗanda ke jin mu a tsallaken iyaka, Mubi, Belel, Jimeta da Yola. Muna gaida makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa yana bin garke, da falken da ke zaune bakin shingen duwan yana jiran a duba masa kaya. Allah ya ba kowa sa'a.

Maganarmu ta yau a kan Dodo ce. Na san wani dattijo zai ce, ashe har mun rasa abin faɗa sai tatsuniya? To Baffa, ka yi haƙuri ka ji ƙarshenta. Kai ne fa kake tura yaro ɗan shekara tara ko goma ya bi maruƙa zuwa bakin mayo, inda akwai dorina da kada da kububuwa, ga kuma mutanen da ba a san daga inda suka fito ba. Kai kuma Alhaji mai fatauci, ɗanka ne yake raka kaya a kan babur ta hanyar daji. Sau nawa ka ce masa "ka kula", ya ce "to", maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu? Yaro ba ya riƙe gargaɗi, amma yana riƙe labarin da ya sa gabansa ya faɗi. Iyayenmu sun san haka tuntuni, shi ya sa suka ƙirƙiro Dodo. Abin da za mu duba shi ne yadda ake gina Dodon nan har ya yi aikin da ake so.

Wani wasa daga Amurka

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba a kwamfuta ake yin sa ba, ba kuma a fili ba. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna kewaye da tebur. Ɗaya shi ne mai jan labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan mai magani. Mai jan labari zai ce: kun iso bakin wani kogo, kuna jin warin mushe, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. In abin mai haɗari ne sai a jefa ɗan lido, har da wani mai fuska ashirin, a ga ko an dace. Ba wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai jan sa.

Wasan ya bazu duniya, kuma abin da ya fi cin hankalin masu shirya shi, shi ne dodanni. A 1977 suka buga littafi guda na dodanni zalla, sama da 350, kowanne da ƙarfinsa da mazauninsa da abin da ke kashe shi. A bugun 2014 har awo suka yi wa gamuwa da dodo, mataki huɗu: mai sauƙi, matsakaiciya, mai wuya, da mai kisa. Manyan mutane ne da gemu suke kwana suna muhawara a kan yadda za a yi dodon da zai tsorata 'yan wasa ba tare da an zalunce su ba.

To mu wannan sana'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in Ingila, Frank Edgar, ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa da malamai suka rubuta masa, Dodo ya cika su. A nan Garwa kuwa an yi wata tsohuwa Bafulatana, Goggo Addi, wadda wata malamar jami'a, Ursula Baumgardt, ta zauna gabanta tana ɗaukar taali a na'ura, har aka buga guda saba'in a littafi a Faransa a shekarar 2000. Mace ɗaya ke nan, a gari ɗaya. Ko a rugarku akwai irinta in kun bincika. Abin da Amurkawan nan suka ƙara bai wuce tambaya ɗaya ba. Maimakon yaro ya ce "ta zo mu ji ta" ya yi shiru har "ƙurunƙus", sai a tsaya a tsakiya a dube shi a ce: "Kai ne a wurin. Me za ka yi?" Wannan tambayar nake so mu ara.

Dodo yana da abin da yake so

Abu na farko, kada ka yi Dodon da yake cin mutane haka kawai don shi Dodo ne. Irin wannan ba ya koyar da komai, don yaro ba zai iya lissafa shi ba. Ka ba shi buƙata. Dubi macijin rijiyar Kusugu a labarin Daura. Ba ya yawo gida-gida. Rijiya ya tsare, kuma yana da doka: ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mutanen gari sun san dokar, sun zauna da ita shekara da shekaru. Bayajidda da ya iso da dare yana neman ruwan dokinsa, tsohuwar da ta sauke shi ta gaya masa halin da ake ciki, kuma bai je hannu rabbana ba, yana da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ka ga duk kayan haɗin sun cika: wuri, doka, buƙatar da ta tilasta a tunkari haɗarin, wanda ya ba da labari, da makami.

Haka dabbobin dajinmu suke. Dorina ba nama take ci ba, ciyawa take kiwo da dare, ta koma ruwa kafin rana ta yi zafi. Abin da take so shi ne kada a shiga tsakaninta da ruwa, kada kuma a kusanci ɗanta. Kada shi kuma sabo yake bi: yana lura da inda ake zuwa wanki ko shayarwa kullum a lokaci ɗaya, sai ya kwanta a nan. Kububuwa ba farautar mutum take yi ba, taka ta ake yi, ko a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dami. In ka gina Dodonka a kan irin wannan hali na gaskiya, ko ka ba shi kai bakwai da wutsiyar wuta, abin da yaro ya koya zai yi masa aiki a bakin Binuwai.

Ya aiko da saƙo kafin ya iso

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi kowanne: kada Dodo ya faɗo daga sama. Ka ba yara alama, aƙalla uku, kowacce ta fi ta baya ƙarfi. Ta farko daga nesa, misali tsuntsaye sun yi tsit, ko an haɗu da wani makiyayi yana dawowa da garke ba tare da ya shayar ba. Ta biyu a ƙasa, sawu mai yatsu huɗu faɗinsa ya kai faifai, ko kashi an watsa shi a jikin ganye, wanda duk masunci ya san aikin dorina ne. Ta uku a jikin dabba, uwar garke ta toge, ta miƙe kunne, ta ƙi gaba ko an buge ta.

Dalilin haka, in mutumin yaro ya mutu a wasa ba tare da an gargaɗe shi ba, abin da zai ɗauka shi ne duniya ba ta da tsari, kula da rashin kula duk ɗaya. Amma in ya mutu bayan ya tsallake alamu uku, da kansa zai ce, kash, da na saurari saniyar nan. Wannan "kash" ɗin ita ake nema. Gara ya faɗe ta a gindin wuta da ya faɗe ta a bakin ruwa. Su ma masu wasan Amurka sun yi wannan darasi. A 1978 Gygax ya buga wani kabari cike da tarko, mai suna Tomb of Horrors, wanda ya yi suna wajen hallaka 'yan wasa. Masu gaggawa su ne suke fara mutuwa, masu tafiya suna dungurin ƙasa da doguwar sanda suna tambaya su ne suke yin nisa. Makiyayi ba sai an gaya masa amfanin sanda a cikin ciyawa ba.

Kada kuma ka faɗi alamar da babbar murya kamar mai shela. Ka saka ta cikin labari kamar ba komai, ka wuce. Wanda ya tsaya ya tambaya, ka ƙara masa bayani. Da haka suke koyon cewa tambaya tana biya.

Kowane Dodo da lagonsa

Abu na uku, Dodo ya fi ƙarfin yara nesa ba kusa ba, amma ya kasance yana da lago. A tatsuniyoyinmu sau da yawa karnukan gida ne suke kawo ƙarshen Dodo, waɗanda aka ciyar da su aka kula da su tun kafin ranar wuya. A wasu kuma wanda aka haɗiye ne yake farke cikin Dodo da 'yar wuƙar da ya ɓoye. Gizo bai taɓa kada kowa da ƙarfi ba. Da ya so ya gama da giwa da dorina, igiya ɗaya ya ba su, kowacce ta riƙe baki guda tana ja, tana zaton da Gizo take ja. A wasan Amurkawa ma akwai wani ƙaton dodo da ko an sassare shi naman yake haɗewa ya tashi, sai an sa masa wuta.

Abin lura shi ne inda za ka ajiye sanin lagon. Kada ka ba yara shi kyauta. Ka sa shi a bakin wata tsohuwa mai neman a ɗora mata itace, ko masuncin da ke gyaran koma a bakin ruwa, ko yaron da kowa ya raina. Wanda ya yi sallama ya gaisa ya taimaka, shi zai ji. Wanda ya wuce yana hura hanci zai isa gaban Dodo da jahilcinsa. Kai da ka yi mashekari a ƙasar da ba taka ba, ka san gaskiyar wannan: kafin ka sauke kaya sai ka je gaban jauro, kafin ka shayar sai ka tambayi 'yan gari wace mashaya ce mai lafiya.

Gudu ma nasara ce

Abu na huɗu, ka bar ƙofa. Kowace gamuwa ta kasance da hanyar fita fiye da ɗaya: a zagaya, a jira gari ya waye, a koma a kira manya, a bar wani abu don a tsira da sauran. Kuma in yara suka zaɓi gudu, kada ka yi musu dariya, kada ka bari 'yan'uwansu su kira su matsorata. Ka ba su ladansu a cikin labarin, Ardo ya yaba musu, a ba su karsana.

Na san wannan yana da nauyi a wurinmu. Mun tashi da jin cewa namiji ba ya gudu, kuma makiyayi ba ya barin saniyarsa. Amma Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Dorina tana da nauyin da ya wuce tan ɗaya da rabi, kuma a gajeren zango ta fi mutum gudu. Ruwan mayo in ya taso daga duwatsu, yakan zo alhali sama tana fes a inda kake, don can nesa aka yi ruwan. Ba jarumin da ke tare shi da sanda. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo ruwa ya bi Garwa da Yola har Lokoja, ko ta 2022, ya san akwai ranar da dabara ɗaya ce ta rage, a hau tudu da wuri. Don haka a cikin kowane dodanni huɗu ko biyar da za ka shirya, ka sa ɗaya wanda ba a kashe shi sam, sai dai a kauce masa. Yaro ya saba da cewa saniya ana mayar da ita, shi kuwa ba a mayar da shi.

Yadda ake zaman wasan

Ba ka buƙatar littafi ko tebur. Tabarma ta isa. Yara uku zuwa biyar, kowa ya zaɓi mutuminsa da abin da ya iya: wannan ya iya bin sawu, wannan ta iya iyo, wannan yana jin Fulatanci da Hausa da ɗan Faransancin lakwal, wannan shi ne mai kare. Kada ka ba mutum ɗaya duka, don ka tilasta su dogara da juna. Kowa ka ba shi tsakuwa uku, su ne ƙarfinsa. In ya ji rauni ka karɓe ɗaya. In suka ƙare, mutuminsa ya mutu.

Wajen sa'a kuwa, ba sai da ɗan lido ba, tunda wasu gidajen ba sa son ganinsa. Ka riƙe tsinke biyar a hannu, wasu dogaye wasu gajeru, yaro ya ja ɗaya. Dogo an dace, gajere an samu matsala. Ga inda hikimar take: yawan dogayen ya danganta da shirin da suka yi. In sun tambaya, sun duba sawu, sun jira lokacin da ya dace, ka sa dogaye huɗu, gajere ɗaya. In sun afka ido rufe, dogo ɗaya, gajeru huɗu. Ka nuna musu tsinkayen kafin ka dunƙule hannu, su gani da idonsu yadda shiri yake canza rabo. Gajeren nan guda ɗaya kuwa kada ka cire shi ko sun yi shiri kamar me, domin haka rayuwa take, ana yin iya yi a bar wa Allah sauran. Kuma kada a sa ko sisi a kai. Da zarar kuɗi ko goro ya shiga, ya tashi daga wasa ya koma caca, a tashi kawai.

Bari in ba ku misali. Ka ce musu: ku huɗu ne, an ba ku shanu talatin ku kai wa Baffa a Adumri kafin kasuwar Alhamis. Yau Talata da la'asar, kun iso bakin wani mayo, ruwan ya yi baƙi ya kwanta shiru. A gefen hagu akwai wata hanya da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, an tattake ta sumul, amma ba sawun shanu ba ne. Can ƙasa wani tsoho yana ɗaure kwalekwale. Rana tana shirin faɗuwa. Me za ku yi?

Sai ka yi shiru ka bar su su yi gardama. Wani zai ce a ƙetare yanzu kada a makara. Wata za ta ce a je a gaida tsohon. In sun je, tsohon ya ce ba zai yi magana da yunwa ba. In sun ba shi nono, sai ya gaya musu cewa Uwar Gurbi tana nan da ɗanta, da magariba take fitowa ta wannan hanyar, amma akwai mashigi mai yashi can sama, tafiyar rabin yini, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Yanzu lissafi ya zo. In sun zagaya za su iya rasa safiyar kasuwa, Baffa zai yi faɗa. In sun kwana a nan, ina za su kafa sansani? Wanda ya ce a kwanta a kan hanyar nan mai sumul saboda ba ƙaya, ka ƙirga masa gajeru huɗu. Ka lura, abin da ya sa gamuwar ta yi zafi shi ne ranar kasuwa da ke matsa musu. Ba don ita ba kowa zai zagaya, ba wani abin tunani. A zahiri ma gaggawa ce ke tura mutane cikin ruwan da suka san bai kamata su shiga ba, saboda haka kullum ka ɗaura wa labarinka lokaci.

A auna kaya da jaki

Kada ka ɗora wa ɗan shekara shida Dodon ɗan shekara goma sha huɗu. Ƙanana a ba su kura mai wauta, wadda ake yi wa wayo a yi dariya, kuma kada mutuminsu ya mutu, sai dai ya rasa takalmi ko akuya. Daga shekara tara zuwa sama, lokacin da ake fara tura su kiwo su kaɗai, a nan mutuwa za ta shigo wasan, kuma in ta zo kada ka janye ta don ka ga ido ya yi ja. In ka ceci mutumin yaro sau ɗaya da wata mu'ujiza, gobe ba wanda zai ji tsoron Dodonka. Sai dai kada ka bar shi zaune yana kallo: ka ba shi sabon mutum, ƙanen wanda ya mutu, ya shigo da sanin da ya samu.

Kai mai jan labari kuma, ka tuna ba abokin gābarsu ba ne kai. Dodo yana hannunka, in ka ga dama ka kashe su duka a minti ɗaya, ba gwaninta a ciki. Gwaninta ita ce su fita da tsakuwa ɗaiɗai a hannu, zuciya tana bugawa, suna gardamar wa ya cece su. In ka ga ƙaramin cikinsu ya maƙale a jikin yayarsa ya daina magana, ka sassauta, ka shigo da Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya kafin a kwanta.

Dodo mai ƙafa biyu

Yanzu ga mai wuyar faɗa. Dattawan da ke jin mu sun san zargina. Sun san shekarun da 'yan fashi suka tashi daga tare hanya suka koma ɗaukar 'ya'yan makiyaya a daji, sai an sayar da garke an biya fansa. Saboda irin wannan ta'asa ce gwamnatin Kamaru ta kafa rundunar BIR a 2001, kuma har yau ba a ce an gama ba a yankin Mayo Rai da Tuboro, haka ma a tsallaken iyaka. Gidaje nawa ne suka wayi gari ba saniya ko ɗaya?

Irin wannan Dodo ba shi da ƙaho ko wutsiya, kuma tatsuniya ta riga ta san shi. Ku tuna Dodon da yake rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya zo neman aure, yarinya ta ƙi jin maganar iyaye ta bi shi, sai an yi nisa a daji ya koma kamanninsa. Ka sa irinsa a wasan manyan yara. Baƙo ne mai fara'a, ya ba su alewa ko ya ce su zo su ga bidiyo a wayarsa, sannan ya fara tambaya: shanun nan na wa ne? Nawa Baffa ya sayar ranar kasuwa? A ina kuke kwana? Ku nawa ne a ruga? Alamominsa su ne tambayoyin nan. Lagonsa shi ne yaron da ya amsa gaisuwa da ladabi, bai ba da lissafin gida ba, ya koma ya gaya wa manya a ranar. Wanda ya yi fariya da yawan shanun ubansa, ka bari dare biyu su wuce a cikin labarin, sannan Dodo ya zo. Haka ɗan falke: wanda ya faɗi ranar tafiya da abin da ke cikin jaka a wurin mai shayi, ya ja tsinkensa. Ga waɗanda ke bin hanyoyin Mora da Kolofata kuma, a sa wani abu mai kyau yashe a gefen hanya, wanda duk ya taɓa ya tafi, don yara su san abin da ba kai ka ajiye ba, ba a ɗaga shi, jandarma ko soja ake gaya wa.

Amma ina roƙon ku abu guda. Kada ku ba Dodon nan fuskar wata ƙabila, ko yaren wasu, ko sana'ar wasu. Kada manomi ya zama Dodo a ruga, kada Bafillace ya zama Dodo a ƙauye. Muna cin kasuwa ɗaya a Pitowa ranar Lahadi, muna shan ruwa ɗaya, kuma abin da ka shuka a kan yaro ɗan shekara goma shi zai girba yana da talatin da adda a hannu. Ban da haka ma, karatun zai zama na ƙarya. Masu satar mutane sau da yawa da ɗan gari suke aiki, wanda ya san gidan, yake jin yaren. Yaron da aka koya wa tsoron baƙon yare kawai, zai saki baki gaban wanda ya yi kama da kawunsa. A koya masa ya lura da abin da mutum yake tambaya da abin da yake yi.

Bayan ƙurunƙus

In wasa ya ƙare kada a watse nan take. Ka ɗauki minti biyar ka tambaye su: a ina aka fara ganin alama? Wa ya gani bai faɗa ba? Da za a sake, me za ku canza? Sannan ka ɗaura abin da zahiri da kalma biyu: hanyar nan mai sumul, akwai irinta a mashayarmu ta yamma, gobe zan nuna muku. In kububuwa ce ta yi sara a wasan, ka bar maganin ya zama na gaskiya: ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, ba a ɓata yini ana jiƙe-jiƙe, a kwantar da ƙafar a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana iya ganin kamar ya samu sauƙi alhali jini yana zuba a ciki. Mutanen Kaltungo a jihar Gwambe, inda ake da asibitin saran maciji, sun san wannan sarai, kuma kwarin Binuwai duk ƙasar kububuwa ce.

Ku iyaye mata da kakanni, wannan fagenku ne tun asali, ku kuka riƙe tatsuniya har ta iso mu. Abin da ake nema ku ƙara shi ne ku tsaya a tsakiya ku tambaya. Ku kuma samari masu waya, in cajin ya ƙare da dare, ga abin yi da ƙannenku. Ku gwada ko sau ɗaya a mako, ku canza Dodo da yanayi: da damina ruwa, da kaka maciji a gona, da rani rijiya da gobarar daji, lokacin tafiya mashekari kuma hanya da mutanenta.

Wanda ya gwada, ya aiko mana da labarin Dodon da ya gina da yadda yara suka yi da shi, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya tsare mana zuri'a da dukiya, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.